Amshin da Kaka Ta Ƙi Amsawa

Ƙaurin gyaɗar da ta ƙone a kasko daban yake da kowane ƙauri. Yana da ɗaci-ɗaci, yana kama maƙogwaro, ya maƙale a mayafi har sai an wanke. Duk inda na ji shi yau, ko a bakin tasha ne wajen masu talla, sai in ga kaina a tsakar gidan kakata a Turawa, da hantsi, ina tsaye da takarda a hannu, hayaƙi yana tashi daga kaskon da ban taɓa ganin ya ƙona ko ƙwara ɗaya ba.

Kaka ita ta haifi babana. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli tun kafin a haife ni. Iyayena suna cikin garin Ƙaraye, amma duk hutun makaranta wurinta nake tafiya, saboda a can ne ba mai hana ni zama ƙarƙashin darbejiya ina kallon gajimare ina rubuce-rubucena. Tana ce mini ƙawata, ina ce mata tsohuwa, kuma daga safe zuwa yamma ba ma raga wa juna da tsokana. Tare da ita a gidan akwai Baffa, yayan babana, da matarsa da muke kira Inna.

Gyaɗa iri ɗaya kawai Kaka take soyawa, wata ja mai ƙananan ƙwaya da yawan mai, wadda kowa a Turawa yake kira tawa. Manomi zai ce bana tawa na shuka, mai awo ya ce tawa ta yi tsada. Haka na tashi na ji, ban ɗauke shi komai ba sai suna, kamar yadda ake cewa ƙaura ko farfara a dawa. Idan aka kawo mata wata gyaɗar, sai ta damtsa, ta shinshina, ta mayar.

A bangon ajinmu, a makarantar kwana ta 'yan mata, akwai wata tsohuwar kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa, amma ba a cire ta ba saboda hotunan da ke jiki: fitattun matan zamani. Akwai Baturiyar da ta ƙarar da rayuwarta a ɗakin binciken kimiyya. Akwai baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerar mota don farar fata ya zauna. Akwai wadda ta sa matan ƙauyukan ƙasarsu dasa itatuwa har duniya ta san da ita, da wata 'yar Arewa da ta sha ɗauri don mata su samu damar jefa ƙuri'a. Kujerata tana dab da kalandar, kuma na fi kallon ta a kan kallon allo.

Wadda ta fi tafiya da hankalina ita ce ta can ƙasa, a kusurwa. Farfesa ce a fannin noma, tana tsugune a gona da farar riga a kan atamfa, ta riƙe tushen gyaɗa da ƙasarsa. An rubuta cewa tana ɗaliba aka yi wata shekara da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, manoma da yawa suka haƙura da shukar, ita kuma ta ɗauki shekaru tana haɗa iri da iri har ta samo wanda cutar ba ta kayar da shi. Sunan irin wasu haruffa ne da lambobi da ban taɓa iya riƙewa ba. Game da asalinta, abin da aka ce kawai shi ne an haife ta a yammacin Kano. Nakan daɗe ina kallon yatsunta a hoton, ina tunanin ko ta taɓa shan ruwan randa irin namu.

Ina ajin ƙarshe aka ce ita ce babbar baƙuwa a bikin ba da kyaututtuka na makarantarmu. Malamar Hausa ta kira ni ta ce in tsara waƙar maraba. Na kwana biyu ba na cin abinci sosai. Na tsara baitoci, na sa sunanta na yanka ya zama amshi, don duk ɗaliban su riƙa amsawa da murya ɗaya. Ban gaya wa iyayena ba, so nake sai ranar su ji. Da aka ba mu ɗan gajeren hutu kafin bikin, na wuce Turawa da takardata a cikin jaka.

Ranar da nake ba da labari, Kaka tana zaune a kan 'yar kujerarta gaban murhu, tana juya gyaɗa a kasko da mara. Inna tana gefe tana fece wadda aka murje.

Na ce, "Tsohuwa, yau ke ce 'yar amshina."

Ta ce, "Ni? Da wane haƙorin?"

"Amshi ba ruwansa da haƙori, murya yake so. In na kai ƙarshen baiti, abin da na faɗa shi za ki maimaita."

"To rero mu ji, ƙawata. In ba daɗi in sa kajin gidan nan su raka ki har Ƙaraye."

Inna ta yi dariya. Na gyara tsayuwa, na gyara murya, na fara. Baitin farko a kan ƙasa ne da ruwan sama, da yadda gyaɗa take sunkuyar da furenta ta ɓoye 'ya'yanta a cikin ƙasa. Kaka tana gyaɗa kai, hannunta yana tafiya daidai da waƙar. Na kai ƙarshen baitin, na ja sunan da ƙarfi, na miƙa mata hannu alamar ta amsa.

Hannunta ya tsaya cak a cikin kasko.

Na zaci ba ta ji ba ne, don kunnenta na hagu ya fara nauyi. Na matsa kusa, na sake faɗin sunan, na ƙara murya. Na ce, "Haba tsohuwa, suna ɗaya ne fa. Ce mana!"

Faifan hannun Inna ya faɗi, gyaɗa ta watse, kaji suka yo kai. Ta ce, "Ke! Ke! Rufe bakinki!"

Kaka ta ajiye mara a ƙasa. Ta ja mayafinta ta rufe fuska har haɓa, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta dubi kowa ba. Kaskon ta bar shi a kan wuta. Ni da Inna muka tsaya muna kallon labulen yana ɗan motsi, har sai da hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, ƙaurin ya shiga mana hanci, sannan Inna ta zabura ta sauke. Gyaɗar ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Inna, me na yi? Zagi ne a waƙar?"

Ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Wa ya aike ki? A ina kika samo sunan nan?"

"A kalandar makarantarmu. Farfesa ce, za ta zo bikinmu."

Inna ta dafe ƙirji. "Ikon Allah. Yarinyar nan, gwaggonki ce fa. Gwaggo Babba. 'Yar farin Kaka ce. Kika tsaya a gabanta kina ce mata ta kira sunan 'yar farinta, a tsakar gida, da rana tsaka?"

Na jingina da rumbu. Na san akwai Gwaggo Babba. Ita ce wadda atamfofinta suke zuwa mana da salla, wadda ake cewa tana can nesa wajen aiki, wani lokaci ma a ƙasar waje. Ban taɓa ganin ta ba, in ma na gani to ina goye. Ba hotonta a gidanmu, kuma ba mai kiran ta da wani suna sai wannan. Na ɗauka 'yar uwar babana ce ta nesa. Ni a sanina Baffa ne ɗan farin Kaka, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa take kiran sunansa gatsau, har da ƙwala masa kira daga zaure ba.

Inna ta warware mini a taƙaice. Kaka ta fara aure a Beli, can ƙasar Rogo, a nan ta haifi yarinyar. Ranar yaye ƙanwar uban ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ba a jima ba uban ya rasu, Kaka ta yi aure a Turawa ta haifi su Baffa. Mijin mai riƙon ma'aikacin gwamnati ne da ake ta yi wa canjin gari, shi ya sa yarinyar a makaranta, daga nan ta yi ta tafiya gaba.

Na san kunyar ɗan fari, duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ta. Na ga mata suna cewa yaron nan ko wancan maimakon sunan ɗansu. Amma a zatona abu ne na amare da ƙananan mata, wanda yake sassautawa idan an manyanta. Ban san akwai wadda za ta riƙe ta har furfura ta cika kanta da kan 'yar ba. Na yi ta jujjuya abin a raina: matar da nake kallo a bango kullum, wadda aka jera da manyan matan duniya, 'yar mai ɗakin nan mai labulen buhu ce, kuma wadda ta haife ta ba ta taɓa buɗe baki ta ce tawa ce ba.

Na je bakin ƙofar na durƙusa. Na ce, "Kaka, ki yi haƙuri, ban sani ba."

Daga ciki ta ce, "A kankare kaskon nan kafin ya huce." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da la'asar ta fito ta ci gaba da aikinta, ta tsokane ni a kan tsawon wuyana, kamar ba a yi komai ba.

Ranar biki na hau dandamali. Farfesa tana zaune a kujerar gaba, ta fi hotonta tsufa, da farin gilashi da mayafi ruwan toka. Da na kai amshi, ɗaruruwan 'yan mata suka amsa sunan da murya ɗaya, har kwanon ɗakin taron ya ɗauka. Ni kuwa ƙaurin gyaɗa kawai nake ji a hancina. Da ta tashi yin jawabi, manyan baƙi duka suka miƙe tsaye. Ta yi magana a kan ƙasa da iri da haƙuri, da Hausa mai taushi, kuma tana ɗaga hannun hagu tana juya shi a iska. Na san wannan juyin hannun. Da shi ake juya gyaɗa a kaskon Turawa.

Bayan taro aka kai ni in gaishe ta. Na durƙusa. Ta ɗago haɓata ta dube ni da kyau.

Ta ce, "Wannan goshin na san shi. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na faɗa mata sunan babana. Ta yi salati, ta rungume ni, ƙamshin turarenta ya cika mini kai. Ta ce, "Ja'ira! Kika tara mini jama'a suna ta kiran sunana kamar na ci bashi. Maza ɗauko mayafinki, ke za ki raka ni Turawa."

A mota ta yi ta tambaya ta karatu, da abin da nake son zama. Tana magana tana leƙen gonaki ta taga, wani wurin ta ce direba ya rage gudu ta duba ganye. Da na ga ta sake da ni, sai na ba ta labarin amshin da kaskon da ya ƙone. Ta yi dariya har ta cire gilashi ta goge ido.

Na ce, "Gwaggo, da gaske ba ta taɓa kiran sunanki ba?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ko sau ɗaya? Ko kina jaririya?"

"Ina jaririya ai ban san me ake ciki ba. Tun da na yi wayo dai ban ji ba. Fuskarta ma ban taɓa yi mata kallon tsaf ba, sai dai daga gefe, ko ta baya in tana tafiya."

"Ba ya damun ki?"

Ta mayar da gilashinta, ta dubi hanya. Ta ce, "An kira sunan nan a wurare da yawa, 'yata. Wasu ma ba su iya faɗin sa daidai ba." Sannan ta nuna wata gona ta ce wa direba mai ita ya makara da shuka.

Labari ya riga mu isa. Ƙofar gida cike da maza, mai unguwa da limami da manoma, kowa yana son ya gaisa da ita. Ta gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da damina. Sannan ta cire takalmi tun daga zaure ta shiga. Tsakar gida an share an yayyafa ruwa. Kujerar Kaka tana gaban murhu, ba kowa a kai. Labulen ɗaki a sake.

Gwaggo ta tafi har bakin ƙofar, ta durƙusa gwiwa biyu a kan ƙasa, da tsadadden leshinta.

"Salamu alaikum. Barka da yini."

Daga bayan labule aka amsa, can ƙasa, "Lafiya."

"Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya sanyin damina? An ce ƙafar tana matsa miki."

Sai muryar Kaka ta ɗaga, ta kira Inna ta ce, "Ku ba baƙuwa ruwa mana, kun bar ta a rana."

Baƙuwa. Na ji kalmar kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ɗazu-ɗazu na ga manyan mutane sun miƙe tsaye saboda matar nan, yanzu ga ta a durƙushe a ƙasa, da furfurarta, tana magana da labule. Ta karɓi ruwan ta sha a durƙushen. Ta ba da labarin 'ya'yanta da jikokinta, tana fuskantar Inna amma da muryar da za ta shiga ɗaki. Ta ajiye ledar magani da turmin atamfa a bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallon ƙasan labulen, ina roƙon Allah a raina ya sa ya ɗaga ko da faɗin tafin hannu ne. Ina iya hango yatsun ƙafar Kaka ta ƙarƙashi, dab da ƙofar. Ba su matsa gaba ba, ba su koma baya ba.

Da Gwaggo ta yi sallama ta fita, Inna ta bi ta da galan na mai da ƙullin ƙuli. Gwaggo ta ce a yi wa mai ɗaki godiya. Inna ta ce, "An ce in ce ni na bayar." Suka yi dariya su biyu. Ni ban ga abin dariya ba.

Sai da ƙarar motar ta ɓace Kaka ta fito. Ta zauna a kujerarta ta fara hura wuta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, kuma ko a ranar kuka ne ya fi yawa.

Na ce, "Kaka, kin san ko wace ce? Hotonta yana bangon makarantu. In ta shiga wuri mutane tashi suke yi."

Ta ce, "To su tashi mana, ƙafarsu ce."

"Ta tsufa fa, ke ma kin tsufa. Sau ɗaya kawai ki dube ta. Me zai ragu a jikinki?"

Ta ci gaba da gyara itace. Ta ce, "Ƙawata, kin cika surutu kamar rediyon mai shayi. Share hancinki ki je rumbu ki ɗebo mini tawa, rana tana yi."

Na ɗebo na dire mata kwanon da ƙarfi. Ta zuba a kasko, ta sa hannu tana shafa ƙwayoyin a hankali kafin su yi zafi, kamar yadda take yi kullum. Na juya mata baya. A ranar na yanke a raina cewa kakata mace ce mai taurin zuciya, kuma na daɗe a kan haka, ko da yake ban daina zuwa hutu ba, ba mu kuma daina tsokanar juna ba.

Ina shekarar farko a jami'a ciwon ƙafar ya kwantar da ita, daga nan ya hau sama. Da aka ga jikin ya yi nisa aka kira kowa. Na zo, Gwaggo ma ta zo. Mu muna shiga muna fita, muna juya ta, muna ba ta ruwa a cokali. Gwaggo kuwa tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofa ta waje, ta zauna da carbinta. Ita take faɗin maganin da za a bayar da lokacinsa, amma ba ta tsallake dokin ƙofar ba. Na ce mata ta shiga, ai yanzu ba sauran wata kunya. Ta girgiza kai ta ce, "Kada in takura ta a kwanakinta na ƙarshe."

Duk lokacin da na wuce ta wajen tabarmar nan sai in dubi labulen. Ina ganin lokaci yana ƙarewa, kuma tsakanin su bai fi taku biyu ba.

Wata safiya, bayan ta kwana biyu ba ta ce komai ba, Kaka ta buɗe ido. Ni da Inna ne a ɗakin. Leɓenta ya motsa, na kai kunne.

Ta ce, "Ina tawa?"

Na ce, "Tana rumbu, tsohuwa. Ko yanzu ma suyar za ki yi?"

"A kawo mini ita nan kusa."

Na tashi da sauri na nufi rumbu, ina murna ta yi magana. Na tsaya na zaɓo masu kyau, na fece, na cika ƙaramin kwano. Da na dawo, tabarmar bakin ƙofa ba kowa. Na ɗaga labule na ga Gwaggo a ciki, zaune a bakin gado. Kaka ta juya fuskarta bango. Inna tana tsaye a gefe tana share ido da bakin zani. Na tsaya da kwano a hannu, na rasa abin yi. A raina na ce Gwaggo ta gaji da jira ne ta shiga da kanta, kuma ga shi ko yanzu an juya mata baya.

Gwaggo ta karɓi kwanon ta ajiye a kan gado. Kaka ta laluba ta tura hannunta cikin gyaɗar, fuskarta tana bango. Gwaggo ma ta sa nata hannun. Gyaɗa ta rufe hannayen biyu har wuyan hannu, ban ga abin da suke yi a ciki ba. Haka suka zauna har aka kira azahar. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Ba ta kira sunan ba, ba ta kuma juyo ba. Na yi kukan rashin ta, na kuma yi wani kukan daban saboda Gwaggo, wanda ban gaya wa kowa dalilinsa ba.

Shekaru suka wuce. Na gama karatu, aka tura ni koyarwa a wata makaranta a Beli. Gwaggo ta yi ritaya, muna gaisawa a waya lokaci-lokaci. Wata ranar kasuwar Rogo na yi sha'awar kunun gyaɗa, na shiga layin masu awo. Na hango ta a buhu, ja mai ƙananan ƙwaya, na tsaya gaban wani dattijo.

Na ce, "Baba, a auna mini tawa kwano ɗaya."

Ya dube ni ya dubi buhunan. Ya ce, "Taki? Malama, ai ba ki saya ba tukuna. Duk nan nawa ne."

Maƙwabtansa suka fashe da dariya. Na nuna buhun na ce wannan nake nufi, ai sunanta ke nan. Ya ce shi shekara da shekaru yana awon gyaɗa bai taɓa jin wannan suna ba. Ya ce, "Wannan ai sunan matar da ta ƙirƙiro ta ake kiran ta da shi, wata farfesa, 'yar nan ƙasar ce ma." Ya faɗi sunan. Sunan amshina ne.

Ban san yadda na fito daga layin ba. Na samu inuwar wata rumfa na kira Inna a waya, na gaya mata abin da ya faru.

Ta ce, "Au, sai yau kika sani? Ai na zaci tun ranar da ta ce ina tawa, kika dawo da kwano kika tarar na shigo da Gwaggo, kin gane." Ta ce lokacin da irin ya fara zuwa Turawa, ita tana amarya, da sunan Gwaggo kowa yake kiran sa, kamar ko'ina. Ran nan mai awo ya zo ƙofar gida, Kaka ta leƙa zaure za ta saya. Ya tambaye ta wacce za a auna. Ta tsaya, baki ya ƙi buɗuwa, mutane suna jira. Da ƙyar ta nuna buhun da haɓa ta ce, "Auno mini tawa." Waɗanda suke wurin suka gane, kuma don kada a riƙa kiran sunan a kunnenta, sai garin duka ya bi bakinta. Inna ta ce daga Turawa ba inda ake kiran gyaɗar nan tawa, ko a ƙauyen Yola da ke nan kusa da mu ba su san sunan ba.